Jirgin ruwan shaƙatawa: ɗakin da ka zaɓa da kanka, ko ɗakin «garanti»?

Duk wanda ya taɓa buɗe shafin intanet na wani kamfanin jiragen ruwan shaƙatawa, abin da ake kira «croisière» da Faransanci, ya ci karo da wannan abu: jirgi ɗaya, ranar tashi ɗaya, irin ɗaki ɗaya, amma farashi biyu. Na sama yana ba ka damar duba taswirar jirgin ka ɗora yatsa kan ɗakin da kake so, da lambarsa da hawan da yake. Na ƙasa ya fi sauƙi, kuma an rubuta a gefensa «cabine garantie», wato ɗakin garanti. Hannu ya fi saurin zuwa kan na ƙasan, domin ga arha, ga kuma kalmar garanti mai kwantar da hankali. Sai dai abin da kamfanin yake nufi da wannan kalma ba shi ne abin da mai saye yake ji ba.

Wani zai ce ina ruwan ɗan Nijar da wannan magana, ƙasar da ba ta da teku. Gaskiya ne ba tafiyar kowa ba ce. Amma ƴan uwanmu da ke zaune a Faransa da Beljiyam da Italiya suna yin ta, wasu har su gayyaci iyaye daga gida. Tun watan Disamban 2024 kuma Saudiyya ta ƙaddamar da nata kamfanin, AROYA Cruises, wanda ya fara tashi daga Jidda zuwa cikin Bahar Maliya, don haka tallar irin wannan tafiya ta matso kusa da hanyar masu Umara da ƴan kasuwa. Ƙungiyar kamfanonin, CLIA, ta ƙirga fasinjoji miliyan 31 da dubu 700 a duniya a shekarar 2023, adadin ya haura miliyan 34 a 2024.

Me aka yi wa garanti?

Ɗakunan jirgi sun kasu manyan gida huɗu. Akwai ɗakin ciki wanda ba shi da taga ko ɗaya, akwai mai taga da ba a buɗewa, akwai mai baranda, sai kuma manyan ɗakuna irin ciki da falo. Kowane gida an sake yayyanka shi zuwa ƙananan rukunoni gwargwadon hawan da ɗakin yake, da kusancinsa da tsakiyar jirgi, da abin da ake gani ta tagarsa. A jirgin Icon of the Seas na kamfanin Royal Caribbean, wanda ya fara aiki daga Mayami a Janairun 2024, ɗakunan fasinja dubu 2 da 805 ne, an raba su iri 28. Tsawon jirgin ya kai mita 365, ya fi filayen ƙwallo uku a jere.

Idan ka sayi ɗakin garanti, abin da kamfani ya ɗauki alkawari shi ne zai ba ka ɗaki a gidan da ka biya, ko wanda ya fi shi tsada a lissafinsa. Ba zai mayar da kai ƙasa ba. Wanda ya biya mai baranda ba za a kai shi ɗakin ciki ba. Iyakar alkawarin ke nan. Lambar ɗakin, da hawansa, da ko yana gaba ko baya, da abin da ke samansa da ƙasansa, duk kamfani ne zai yanke, a lokacin da ya ga dama. Wani lambar tana fito masa bayan ƴan kwanaki da biyan kuɗi, wani sai saura mako guda, wani kuma sai ya isa tashar jirgin da akwatunansa. Da zarar an ba ka, a wurin kamfanoni da dama magana ta ƙare.

Sunan yana canzawa daga kamfani zuwa kamfani, shi ya sa wasu ke saya ba su san shi suka saya ba. A MSC, kamfanin da ke da mazauni a Jeneba, tsarin farashi mafi sauƙi sunansa «Bella», a nan kamfani ne ke zaɓa maka ɗaki, wanda yake son ya zaɓa da kansa sai ya hau «Fantastica». A Norwegian Cruise Line mafi arhar farashin garanti sunansa «Sail Away», kuma yawanci ba ya zuwa da ƴan kyaututtukan da ake haɗawa da sauran farashin. Wannan abin lura ne: wani lokaci ragin da ake gani a allo bai kai darajar abin da aka cire daga ciki ba.

Dalilin kamfani

Ɗakin jirgi kamar tumatir yake a kasuwa, ba ya kwana. Idan jirgi ya tashi da ɗaki babu kowa, kuɗin wannan mako ya tafi, tare da abin da fasinjan zai kashe a ciki wajen abin sha da yawon buɗe ido da sayayya. Shi ya sa kamfanoni ke neman cika jirgi fal. A lissafinsu mutum biyu ne a kowane ɗaki, don haka idan aka ƙara da yara a gado na uku da na huɗu, manyan kamfanonin sukan bayar da rahoton cikar da ta wuce kashi 100 cikin 100.

Matsalarsu ita ce ana sayar da tikiti tun shekara guda ko fiye kafin tafiya, kuma mutane da yawa suna fasawa kafin ranar biyan cikon kuɗi, wadda kan faɗo wata biyu zuwa huɗu kafin tashi. Ɗakuna suna cika suna sake buɗewa. Fasinjan garanti shi ne wanda za a iya ɗagawa a ajiye duk inda gurbi ya samu. Masu zaɓe suna kwashe ɗakunan tsakiya masu kyau tun da wuri, abin da suka bari shi ake rabawa masu garanti. Ragin da aka yi maka ladan wannan sassauci ne da ka ba kamfani. Ciniki ne na halal, ba a ɓoye komai ba, yana rubuce cikin sharuɗɗa. Amma cinikin biri a sama ne, kuma ya kamata mai saye ya san haka kafin ya miƙa kuɗinsa.

Abin da ke jan mutane shi ne labarin ƙarin matsayi kyauta: wane ya biya ɗakin ciki ya tsinci kansa a mai baranda. Yana faruwa. Sai dai abubuwa biyu sun rage shi. Na farko, jiragen suna cika, babu ɗakunan alfarma da yawa da ke zaune babu kowa. Na biyu, kamfanoni sun gano cewa abin da suke bayarwa kyauta za su iya sayar da shi. Yanzu kafin tafiya sukan aiko da saƙo su ce wa fasinja ya taya ɗakin da ya fi nasa, wanda ya fi tayi ya ɗauka. Royal Caribbean na kiran nasa tsarin RoyalUp, wasu manyan kamfanonin ma suna da irinsa. Ɗakin da a da za a iya ba mai garanti a matsayin sa'a, yau gwanjonsa ake yi.

Ko da an ƙara maka matsayin, a ma'aunin kamfani ne. A jadawalin farashi, ɗakin da ke hawa na sama yakan fi na ƙasa tsada. To amma hawan sama shi ne ya fi kusa da wurin ninkaya da babban ɗakin cin abinci, kuma shi ya fi jin kaɗawar ruwa. Ana iya ce maka an ɗaga ka, alhali an ɗauke ka daga inda za ka yi barci an kai ka inda ba za ka yi ba.

Ɗakunan da ake bari

Wanda ya saba shiga motar kar daga Yamai zuwa Damagaram, tafiyar kusan kilomita 900, ya san kujera ba ɗaya ba ce ko da kuɗin tikiti ɗaya ne. Na bayan mota da ke kan taya shi ke sanin kowane rami. Jirgin ruwa ma haka ne, sai dai a nan kwana bakwai za ka yi a kan kujerar.

Jirgi yana lilo ne kamar sikeli, tsakiyarsa ce ta fi zama daram, gaba da baya su ke hawa da sauka, gaban ma ya fi. Ƙasa-ƙasa kuma ya fi sama natsuwa. Manyan jiragen zamani suna da fikafikai a ƙarƙashin ruwa masu rage girgiza gefe da gefe, amma ba sa hana hawa da saukar goshin jirgi. Wanda zai tashi daga Marseille, tashar da ta fi kowace karɓar irin waɗannan jirage a Faransa, ya sani cewa yankin tekun da ke gabanta sananne ne da iskar mistral mai ƙarfi, musamman a lokacin sanyi da farkon bazarar Turai. Mutumin da ya tashi a Tawa ko Maradi, wanda iyakar ruwan da ya sani shi ne kogin Isa ko tafkin Madarumfa, bai san yadda cikinsa zai karɓi teku ba sai ya hau. Idan aka jefa shi a ɗakin goshin jirgi a hawa na goma sha wani abu, jiri da tashin zuciya na iya cinye masa rabin tafiyar.

Sai hayaniya, wadda ita ce ni ta kama ni. Sau ɗaya na yi irin wannan tafiya, ƴan shekaru da suka wuce, kuma na danna garanti saboda arha. Lambar ta fito saura kwana biyar. Ɗakin mai baranda ne kamar yadda na biya, tsaf-tsaf, ba abin kushewa a ido. Abin da ban duba ba shi ne samansa. Filin ninkaya ne. Dare ya raba ana kiɗa, kafin gari ya waye kuma ma'aikata sun fara wanke daɓe suna jan ɗaruruwan kujerun kwanciya a bisa kaina. Na je wurin karɓar baƙi, matar ta saurare ni da ladabi, ta nuna mini a allonta cewa jirgi ya cika, sannan ta tuna mini irin tikitin da na saya. Ba ta yi ƙarya ba. Abin da na biya shi aka ba ni.

Ba samaniya kaɗai ake dubawa ba. Ɗakin da ke bisa gidan rawa ko babban zauren wasanni yana jin bugun kiɗa ta ƙasa. Na can ƙasa a baya yana jin rurin inji. Na gaba yana jin ƙarar sarƙar anga da injinan juya jirgi duk asubar da za a shiga tasha, kuma a zagayen Bahar Rum kusan kullum ana shiga sabuwar tasha. Akwai ɗakunan da ke da ƙofa tsakaninsu da maƙwabci, an yi su don iyali, amma idan baƙo ne a can gefen kana jin tarinsa. Akwai kuma masu taga ko baranda da kwale-kwalen ceto ya tare musu gani, wani rabi, wani gaba ɗaya. A kamfanoni da yawa garanti ya haɗa da waɗannan. Mutum ya biya kuɗin kallon teku ya buɗe labule ya ga cikin kwale-kwale mai ruwan lemo.

Yadda ake auna ragin

Hanyar da na ga ta fi sauƙi ita ce a juya tambayar. Maimakon tunanin mafi kyawun ɗakin da za a iya ba ka, buɗe taswirar jirgin, wadda kowane kamfani ke sakawa a shafinsa, ka nemo mafi munin ɗaki a gidan da kake son biya. Ka duba hawan da ke samansa da wanda ke ƙasansa. Ka lura da wuraren da aka bari fari babu rubutu tsakanin ɗakuna, domin galibi wuraren aikin ma'aikata ne, ana shige da fice da kaya. Sannan ka tambayi kanka ko ragin ya isa ya sa ka kwana bakwai a nan.

A ɗauki misali, ba farashin wani kamfani ba ne. A ce bambancin yuro 70 ne ga mutum ɗaya. Farashin da ake nunawa na mutum ɗaya ne a ɗakin mutum biyu, don haka miji da mata sun rage yuro 140. Yuro ɗaya sefa 655,957 ne, canjin da ba ya motsi, ke nan kusan jika 92, wajen jika 13 a kowane dare. Ga ɗalibi ko ma'aikacin da ke zaune a Marseille, wanda zai hau jirgin ƙasa na cikin gari ya isa tasha, kuma zai iya sake yin tafiyar baɗi, jika 92 kuɗi ne, ya ɗauki garanti ya yi dariya. Ga wanda ya taso daga Yamai ta Kazabalanka ko Istanbul, ya biya jirgin sama da biza da otel, jika 92 ɗan ƙaramin kaso ne na abin da ya kashe, kuma wataƙila tafiyar ce ta farko kuma ta ƙarshe. A ganina wannan ba shi da dalilin yin caca da barcinsa.

Inda garanti ya fi ma'ana shi ne ɗakin ciki. Tun da babu taga, babu abin da kwale-kwale zai tare, kuma ɗakunan kusan girmansu ɗaya, saura maganar hayaniya da girgiza kawai. Wanda barcinsa ke da nauyi, teku ba ta damunsa, kuma ɗaki wurin wanka da kwanciya ne kawai a wurinsa, bai yi asarar komai ba. Haka ma a can ƙololuwa, a manyan ɗakuna, inda mafi ƙarancinsu ma mai kyau ne. Tsakiyar ce, mai taga da mai baranda, ta fi haɗari, don a nan ne tazarar da ke tsakanin ɗaki mai kyau da maras kyau ta fi faɗi.

Iyali da tsofaffi

Akwai waɗanda maganar ba ta kai ga lissafi ba ma. Iyalin da ke buƙatar ɗaki biyu su ne na farko. Garanti biyu ba ya nufin ɗakuna biyu a jere. Ana iya haɗa rajistar biyu domin a zaunar da ku teburi ɗaya wajen cin abinci, a kuma rubuta roƙon a kusanta ku, amma roƙo ne. Uwa na iya kasancewa a hawa na 9 a gaba, ƴaƴanta a hawa na 12 a baya, a jirgin da tsawonsa ya haura mita 300. Kamfanoni kuma suna da ƙa'idoji kan ƙananan yara, galibi sai dai su kwana da babba ko a ɗakin da ke manne ko daura da na iyaye, don haka tun wajen rajista za a iya tilasta muku raba miji da mata a takarda.

Abin ya wuce jin daɗi. Kowane ɗaki yana da wurin taruwar gaggawa da aka ware masa, an rubuta shi a bayan ƙofa da kan katin fasinja. Tun bayan hatsarin Costa Concordia a gaɓar tsibirin Giglio na Italiya a Janairun 2012, inda mutum 32 suka rasu, an tsaurara doka cewa a yi wa fasinjoji atisayen gaggawa kafin jirgi ya tashi ko da zarar ya tashi. Ɗakuna biyu masu nisa da juna na iya faɗawa wuraren taruwa daban-daban. Wanda ya kawo mahaifiyarsa da ba ta jin Faransanci ko Ingilishi ba zai so a ranar tashin hankali tana wani gefen jirgi yana wani ba.

Tsoho mai ciwon gwiwa yana buƙatar ɗaki kusa da na'urar hawa bene, domin lungunan jirgi dogaye ne ƙwarai. Mai keken guragu kuwa dole ya nemi ɗakin da aka tanada don haka, mai faɗin ƙofa da banɗaki marar dakali. Kaɗan ne a kowane jirgi, kuma da sunan mutum ake kama su.

Wanda ya zaɓi ɗakinsa ma akwai abin da zai kiyaye. Wasu kamfanoni sukan ɗaga fasinja zuwa rukuni na gaba ba tare da sun tambaye shi ba, suna ganin alheri suka yi masa. Idan ka ɓata lokaci ka zaɓi ɗakin tsakiya mai ɗakuna a sama da ƙasa, ka ce wa kamfani ko wakilin tafiyarka ya rubuta a rajistar cewa ba ka son a canza maka.

Ranar da ɗaki bai samu ba

Saura abu ɗaya da ba kasafai yake faruwa ba, amma ya faru. A ƙarshen Nuwamban 2023, a tashar Brisbane ta Ostareliya, wasu fasinjojin jirgin Quantum of the Seas masu tikitin garanti sun iso da kayansu, aka miƙa musu wasiƙa cewa ba a samu lambar ɗakin da za a ba su ba. An sayar da tikiti fiye da ɗakunan da ke akwai, da tsammanin wasu za su fasa, ba su fasa ba. Jirgi ya tashi ya bar su. Kamfanin ya ba da haƙuri, ya mayar musu da kuɗi tare da ba su damar wata tafiya nan gaba. Abin da aka fi yi idan irin wannan ta taso shi ne a aika wa fasinjoji saƙo tun da sauran kwanaki, a nemi masu son ɗage tafiyarsu a ba su tukuici. Amma idan aka kai ranar tashi ba a warware ba, wanda ba shi da lamba shi ne a bakin ƙofa.

A jirgin sama, dokar Tarayyar Turai mai lamba 261 ta shekarar 2004 ta yanka diyya daga yuro 250 zuwa 600 ga wanda aka hana shiga saboda an sayar da kujeru fiye da kima. Jiragen ruwan shaƙatawa ba su da irin wannan jadawali. Abin da zai kare ka shi ne yarjejeniyar da ka amince da ita, da kuma dokar Turai ta 2015 kan tafiye-tafiyen da ake sayarwa a dunƙule, idan a can ka saya. Tikitin jirgin saman da ka yanka daban daga Yamai, da kuɗin biza, da hutun da ka ɗauka a wurin aiki, ba lalle ba ne su shiga lissafin kowa.

Don haka wanda ya riga ya sayi garanti ya riƙa leƙa asusunsa a shafin kamfanin. Ranar da lambar ta fito, ya buɗe taswira nan take. Idan ɗakin bai yi masa ba ya kira a ranar, domin wasu kamfanoni sukan yarda a musanya da wani a cikin rukuni ɗaya matuƙar akwai gurbi, kuma gurbin ba ya daɗewa. Idan kuwa saura kwana biyu ko uku ya hau jirgin sama lambar ba ta fito ba, ya nemi kamfani ko wakilinsa ya tabbatar masa a rubuce cewa ɗakinsa yana nan, ya buga takardar ya sa ta cikin fasfo.